Matsayin Hausa a Ɗakin Montaji, daga Paris zuwa Tallaje

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Yamai da yamma, ya ratse cikin unguwar Tallaje, zai ji Hausa tana tashi daga wayoyi da akwatunan talabijin a bakin shaguna da wajen masu shayi. Yawancinta Hausar fim ce: wasannin Kano, da finafinan Indiya da aka ɗora wa muryoyin Hausa, sai bidiyon biki da na waƙa waɗanda samari su ke haɗawa a ƙananan ɗakuna da kwamfuta guda. Masu nazarin harshe sun daɗe suna bin Hausar rediyo da ta littafi, amma wannan ba a cika kula ta ba. Alhali kuwa kafin ta kai kunnen mai kallo sai ta bi ta hannun wani ma'aikaci da ba a gani, wato mai montaji. Shi ke yanka, shi ke haɗi, shi ke daidaita murya da hoto, shi ke buga rubutun da ke bayyana a kan allo. Abin da wannan maƙala ta ke son nunawa shi ne, tun farkon silima a Nijar hoto ne ke gaba a ɗakin wannan ma'aikaci, magana tana biye, kuma harshe ne ke biyan kuɗin wannan tsari.

Ko sunan sana'ar bai zauna ba tukuna. A Nijar an aro montaji daga Faransanci. A Kano a kan ce tacewa, kuma da wannan kalma aka raɗa wa Hukumar Tace Finafinai ta jihar suna lokacin da aka kafa ta a 2001, ga shi kuwa aikinta hani ne da izini. Kalma guda ta ɗauki kaya biyu ke nan. Tacewa fid da abin da ba a so ne, kamar yadda a ke tace gasara. Aikin montaji kuwa gini ne, don haka harhaɗawa ta fi kusa da shi.

Tarihin al'amarin ya faro ne daga na'ura. Jean Rouch ya ɗauki Moi, un noir a unguwar Treichville ta Abijan da ƙaramar kyamara ta milimita 16, wadda a ke murɗa wa makulli kamar agogo, ba ta kuwa ɗaukar magana tare da hoto. Sai da aka harhaɗa hotunan sa'an nan aka zaunar da Oumarou Ganda yana kallo yana magana da Faransanci, aka ɗora muryarsa a kai. Fim ɗin ya fito a 1958, ya sami kyautar Louis-Delluc. Haka aka yi da Jaguar, wanda aka ɗauka tsakanin 1954 da 1955 amma bai fito ba sai 1967: Damouré Zika da Lam Ibrahima Dia suna ba da labarin tafiyarsu ci-rani zuwa Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau, bayan an daɗe da dawowa. Babu mai musun daɗin wannan hira. Sai dai a zango-zangon Kumasi da Akara Hausa ce harshen ciniki tsakanin mutanen arewa, kuma mai nazarin da ya so jin yadda ɗan ci-rani ya ke taya kaya a wancan zamani, zai ga leɓe yana motsi, ya ji Faransanci a kansa.

Da 'yancin kai ya zo, ƴan ƙasa suka karɓi kyamara, amma ɗakin montaji ya zauna inda ya ke. A 1963 ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin silima a Paris ƙarƙashin Jean-René Debrix, kuma ta nan finafinan Afirka ta Yamma masu yawa suka bi: a ɗauka a gida, a aika da fim a wanke a Faransa, mai fim ya bi shi can ya zauna kusa da mai montaji. A cikin wannan yanayi Nijar ta yi suna. Moustapha Alassane ya fitar da Aouré a 1962 da Le Retour d'un aventurier a 1966, Ganda kuma ya ci babbar kyautar farko ta bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Ba laifin mutanen da suka yi aikin a ke nema ba. Andrée Davanture, wadda ta harhaɗa Yeelen na Souleymane Cissé, ta kuma kafa ƙungiyar Atria a 1980 don tallafa wa masu fim na Afirka, an san ta da haƙurin sauraron masu fim. Matsalar tana ga tsarin: wanda ya ke riƙe da almakashi yana aiki da takardar fassara, kuma takardar fassara ba ta nuna karin sauti. Zabarmanci, wanda Ganda ya fi amfani da shi, harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, saboda haka abin da za a faɗa a ƙasa ya shafe su duka.

Fim yana tafiya da hoto 24 a sakan guda, talabijin da 25. Mai montaji da ke son wasa ya yi sauri ya kan rage hoto uku ko huɗu a ƙarshen magana, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na sakan. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Audu ya tafi.
(2) Audu ya tafi?

Kalmominsu ɗaya ne. Abin da ya raba su yana can ƙarshe: a ta biyu murya tana hawa a gaɓar ƙarshe mai karin sama, wasalin kuma yana ƙara tsawo. In aka datse wannan wutsiya, tambaya ta raunana har ta yi kama da labari, amsar da ke biye kuma ta zama ba ta da dalili. Korewa ma haka ta ke, domin a "ba su zo ba" nauyin ma'ana ya rabu biyu, rabi a farko rabi a ƙarshe, kuma "ba" ta ƙarshe gajeriya ce, kiɗan da a ke shigo da shi da wuri yana iya haɗiye ta.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. A jimlar labari muryar Bahaushe tana gangarowa ne sannu a hankali, ta yadda karin sama na ƙarshen jimla ya kan kasance ƙasa da na farkonta. In aka ɗauko rabin jimla daga ɗauka ta farko, aka liƙa mata rabi daga ɗauka ta uku, ido ba zai ga tabo ba, amma kunne zai ji murya ta yi tsalle a tsakiyar gangara, sai ya ɗauka sabuwar jimla ce aka fara. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba. Cewa kurum zai yi ɗan wasan bai iya magana ba.

Sai gaisuwa. Ga wanda ya koyi montaji a kan ma'aunin Turai, doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce, ita a ke fara yankewa. Ga Bahaushe kuwa a cikinta a ke gane wane ne babba, wa ya fara gaida wani, wa ya durƙusa, wa ya amsa a taƙaice don yana fushi. Shirun da uwa ta ke yi maimakon kiran sunan ɗanta na fari magana ce cikakkiya, kuma a kan na'ura ba ta da wata alama sai fili.

Yanzu kwamfuta ta dawo da ɗakin montaji gida, mai yanka kuma yana jin harshen, wanda ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma finafinan Indiya da ɗakuna irin su Algaita na Kano su ke fassarawa sun maido da tsarin 1958 ta wata ƙofa: hoto ya riga ya ƙare, Hausa ce za ta matse ta shiga tsawon motsin bakin wani. Masu wannan aiki suna da basira da ban dariya, sun kuma nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar kowane irin zance. Duk da haka matsin yana sa a zubar da ƙananan kalmomi irin su dai, fa, kuwa, mana, waɗanda su ke ɗauke da ladabi da nufin mai magana. Yaron Tallaje, wanda watakila Zabarmanci a ke yi a gidansu, da wannan Hausa ya ke gyara tasa.

Abin da ya fi shafar masu tsara yaƙi da jahilci shi ne rubutun kan allo. Wanda ya gama ajin manya da ƙyar ya ke samun jarida ko littafi, amma sunan fim da sanarwar biki da sunayen ƴan wasa suna gabansa kullum. A nan ya ke ganin "koudi" a madadin kuɗi, "tchikin" a madadin cikin, bisa al'adar rubutun Faransanci da ta ba unguwar kanta sunan Talladjé. Finafinan Kano kuma sun cika zubar da ƙugiya, har baki da baƙi, kafa da ƙafa, su zama abu guda. Abin da malami ya gina da safe, allo ya rushe shi da dare. An tsai da baƙaƙe masu ƙugiya a taron Bamako na 1966, Nijar ta tabbatar da ƙa'idojin rubutunta a 1999, kuma dokar ƙasa ta Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke isa ɗakin montaji da kansa.

Makarantar Yamai wadda a da a ke kira IFTIC tana horar da ma'aikatan rediyo da talabijin, kuma nan ya kamata darasin karin sauti da ƙa'idojin rubutu ya shiga cikin darasin montaji. Samarin unguwa kuwa ba ta makaranta su ke bi ba, a wajen juna su ke koyo. Su abin da zai amfane su shi ne takarda mai shafi guda, wadda za a liƙa a bango kusa da kwamfuta, mai nuna yadda a ke samun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a allon bugu na Faransanci, da irin rubutun da ke ɗauke da su.