BABI NA UKU: MATSAYIN MAƘERI A FIM ƊIN ANG PANDAY NA 2009

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin babban tauraron fim ɗin Ang Panday, wanda aka fitar a ƙasar Filifin a shekarar 2009. Za a dubi asalin labarin da jigonsa, sannan a kwatanta shi da fim na farko da aka yi a 1980 domin a ga abin da aka ƙara da abin da aka rage. Manufar babin ita ce a nuna cewa ƙarfin wannan labari yana cikin sana'ar tauraron, wato ƙira, kuma fim ɗin 2009 ya raunana ne daidai inda ya yi wa wannan sana'a riƙon sakainar kashi.

3.1 Asalin Labarin

Kalmar "panday" a harshen Tagalog tana nufin maƙeri. Carlo J. Caparas ne ya ƙago labarin a matsayin labari mai zane-zane na mujalla, Steve Gan kuma ya yi zanen. A 1980 aka mayar da shi fim, inda Fernando Poe Jr. ya fito a matsayin Flavio maƙeri, Max Alvarado kuma ya fito a matsayin azzalumi Lizardo. Karɓuwar da fim ɗin ya samu ta sa aka yi masa ci gaba har sau uku, a 1981 da 1982 da 1984.

Fim ɗin 2009 kuwa Mac Alejandre ne ya ba da umarninsa. Bong Revilla ya fito a Flavio, Phillip Salvador a Lizardo, Iza Calzado kuma a Maria, budurwar Flavio. An nuna shi a bikin finafinai na birnin Manila da ake yi a watan Disamba, inda ya sami lambar fim mafi kyau, Revilla kuma ya sami ta gwarzon ɗan wasa.

3.2 Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne yaƙi da zalunci. Lizardo matsafi ne da ya danne ƙasa da rundunarsa. Akwai wani tsohon duba da ya ce wata rana tauraro mai wutsiya zai faɗo, kuma wani mutum zai riƙe makamin da zai 'yantar da jama'a. Da tauraron ya faɗo kusa da garinsu, sai Flavio ya ƙera wuƙa daga ƙarfensa, wadda take rikiɗa ta zama takobi idan yaƙi ya tashi. Daga nan Lizardo ya sace Maria, Flavio kuma ya bi sawu domin ya kuɓutar da ita.

Abin lura a nan shi ne Flavio ba ɗan sarki ba ne, kuma bai gaji takobinsa ba. Talaka ne mai cin guminsa a gindin maƙera, da hannunsa kuma ya yi makaminsa. Wannan ya bambanta shi da jarumai da yawa na labaran gargajiya. Alal misali, a labarin Bayajidda, baƙon ɗan sarki ne ya je wurin maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. A can maƙeri mataimaki ne, sunan kuma na ɗan sarki. A Ang Panday kuwa mai ƙera makamin shi ne mai ɗaukarsa. Saƙon da ke ciki a fili yake: abin da talaka zai ƙwaci kansa da shi yana cikin sana'ar hannunsa.

3.3 Kwatanci da Fim ɗin 1980

A fim ɗin 1980 an nuna ana tilasta wa Flavio ya riƙa yi wa yara lalas da tambarin Lizardo, alamar sun zama bayinsa. Ke nan wutar da ake zuga wa ƙarfen bauta ita ce daga baya aka ƙera takobin 'yanci da ita. Wannan ya sa tauraron yana ɗauke da nauyi a zuciya tun kafin ya ɗaga takobi, domin hannunsa ya taɓa yi wa zalunci aiki. Tawayensa ya zama tuba da ramuwa a lokaci guda. Idan aka tuna cewa an fitar da fim ɗin ne ƙasar tana ƙarƙashin dokar soja da Ferdinand Marcos ya kafa a 1972, wadda ba a ɗage ba sai 1981, za a gane dalilin da ya sa mai kallo na wancan zamani zai iya ganin kansa a jikin ma'aikacin da ake tilasta wa bauta wa mai mulki.

A fim ɗin 2009 an sauke wa Flavio wannan nauyi. An nuna shi mutumin kirki ne mai zaman lafiya, a garin da sharrin Lizardo bai taɓa sosai ba. Da tauraro ya faɗo, jama'a suka ce shi ne wanda aka yi alkawarin zuwansa. Saboda haka ƙaddara ce ta tura shi fagen fama, sai kuma sace budurwarsa. Ta wannan hanya kukan al'umma ya koma baya, neman masoyiya ya shigo gaba. Gaskiya ne maganar duba tana cikin fim na farko ma, amma a can mai kallo ya riga ya ga dalilin tawaye da idonsa, duban tabbatarwa kawai ya yi.

3.4 Salon Gabatarwa

Fim ɗin 2009 ya dogara ƙwarai ga hotunan da aka haɗa da kwamfuta, musamman wajen nuna Bagwis, dodo mai fukafukai da ya zama abokin tafiyar Flavio. Ba za a musa cewa wannan ya ƙayatar da yara ba, waɗanda su ne aka fi nufa a lokacin hutun Kirsimeti. Sai dai yawan abin al'ajabi ya shafe darajar abin al'ajabi guda da labarin ya ginu a kai. Rikiɗar wuƙa zuwa takobi tana girgiza mai kallo ne idan sauran duniyar fim ɗin ta ƙura da gumi ce. Inda kuwa tsafi ya cika ko'ina, takobin Flavio ya zama ɗaya daga cikin kayan sihiri, masaba da zugazugi kuma suka koma ado.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a tsallake ba. Fernando Poe Jr. ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2004, shi kuma Revilla yana ɗan majalisar dattawa a lokacin da ya fito a Flavio. A ƙasar da hanya daga silima zuwa siyasa take a buɗe haka, labarin da yake koya wa jama'a su zauna su jira zaɓaɓɓe guda ba wasan yara ba ne kawai.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa fim ɗin 2009 ya riƙe ƙashin bayan labarin, wato maƙeri da takobi da azzalumi, amma ya saki abin da ya haɗa su. Ya fi na 1980 kayan aiki, na 1980 kuma ya fi shi dalili. Babi na gaba zai dubi yadda Coco Martin ya mayar da labarin cikin birnin Manila na zamani a fim ɗin 2017.