Matan da Suka Karɓi Ragamar Labari

Mai Zetterling, mutuniyar Suwidin, ta yi wajen shekara 20 tana wasan sinima, maza na tsara mata abin faɗi. A 1964 ta shirya babban fim nata, don a ji bakin mata.

Irin hanyar nan Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta bi. Tana yarinya aka aurar da ita, sai daga baya ta shiga ajin manya. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? ta tona ɓarnar auren dole, ba ta kuwa ɗora wa addini laifin ba, iyaye ta tuhuma. Aibinsa guda, nasarar yarinyar ta fi ta zahiri sauƙi. Duk da haka, uban da ke shirin cire 'yarsa daga makaranta, a Gagarawa ko Gumel, lalle a karanta masa shi.