Gwanintar Saukar da Jarumi a Labarin da Ba Nasa Ba

A kan titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, da cikin kasuwannin Babura da Roni da Gwiwa, da wuya ka rasa rumfar mai cajin waya da ke tura wa matasa fina-finai. A irin waɗannan rumfuna ake tafka wata gardama da ba ta tsufa: in an haɗa wane da wane, wa zai kai wani ƙasa? Superman ko dodon nan na fim ɗin Alien? Batman ko Predator, maharbin da ya ba Arnold Schwarzenegger, wanda aka fi sani da Kwamando a wajenmu, baƙar wahala a fim ɗin 1987? Masu gardamar nishaɗi suke yi. Amma akwai marubuta da masu zane da suka mai da wannan tambaya sana'a, kuma waɗanda suka iya a cikinsu sun cancanci yabo, don aikin ya fi yadda ake zato wuya nesa ba kusa ba.

Kowane labari gida ne mai dokokinsa. Superman, tun da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, an gina shi ne a kan cewa harsashi ba ya huda shi. Fim ɗin Alien na Ridley Scott kuwa, wanda ya fito a 1979, tsoro ne jarinsa: mutane a kulle cikin jirgin sama jannati, da wata halitta da ke dasa ɗanta a ƙirjin mutum ya fasa ya fito. In Superman ya shiga wannan gida da cikakken ƙarfinsa, tsoron ya ƙare tun a shafi na biyu. In kuma aka kwaɓe masa komai, mai karatu zai ce wannan ai ba shi ba ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Marubucin shi ne mai masauki, dole ya karrama baƙon ba tare da ya wulaƙanta masu gida ba. Ga kuma kamfanoni biyu masu mallakar labaran a kansa, kowanne na tsaron mutuncin kayansa, ba wanda zai yarda a kashe nasa ko a mai da shi abin dariya.

Wanda na fi jinjina wa a wannan fage shi ne Dave Gibbons, marubucin Batman versus Predator, littafin zane mai kashi uku da kamfanonin DC da Dark Horse suka fara fitarwa a 1991, 'yan'uwa biyu Andy da Adam Kubert suka zana. Gibbons ya fara ne da tambayar da ta dace: me zai kawo Predator Gotham, birnin Batman? Dokar wannan halitta ita ce farautar wanda ya fi kowa haɗari, ba ta ɓata lokacinta a kan marar makami. Saboda haka ya sa ta fara da zakaran damben birnin, ta bi ta kan manyan 'yan daba, tana hawa mataki mataki, har ya zamana babu sauran wanda ya isa a farauta sai Batman. Ba a buɗe wata ƙofar tsafi ba, halin mai farautar ne da kansa ya jawo haɗuwar.

A karon farko Batman ya sha kashi, kashin da ya kwantar da shi cikin bandeji, dattijon hadiminsa Alfred na jinyarsa. Nan ne gwanintar take. Da ya yi nasara tun farko, da Predator ya tashi daga abin tsoro. Kuma Batman ba shi da ƙarfin aljanu, abin da yake da shi kai ne da shiri, don haka kwanciyar jinyar ta ba shi damar yin abin da aka san shi da shi. Ya yi nazarin abokin gabarsa, ya ƙera sulke mai na'urar da ke gano abu ta amsa-kuwwar sauti, tunda dodon yana iya ɓacewa daga ido. Duk da haka sulken bai gama aikin ba. Sai da Alfred ya ɗirka wa dodon tsohuwar bindiga, sannan a ƙarshe Batman ya kai shi ƙasa da gorar wasan ƙwallo ta katako.

Sauran abu guda: Batman ba ya kisa, Predator kuwa ba a ɗaure shi a kai shi gaban alƙali. Gibbons ya warware wannan ƙulli da dokar masu farautar kansu. 'Yan'uwan dodon suka sauko da jirginsu, wanda aka kayar ya kashe kansa da takobi saboda kunyar faɗuwa, su kuma suka miƙa wa Batman takobin don girmamawa. Wanda ya kalli Predator 2 na 1990 zai tuna cewa haka suka yi wa ɗan sandan da ya kayar da ɗayansu, suka ba shi tsohuwar bindiga mai ɗauke da shekarar 1715. Hannun Batman bai taɓa jini ba, al'adar masu gida kuma ba a taka ta ba.

Dan Jurgens ya fuskanci matsala mafi tsauri a 1995 da ya haɗa Superman da dodannin Alien. Dabararsa ita ce ya nemo raunin a cikin tarihin jarumin. An daɗe da sanin cewa ƙarfin Superman daga hasken ranarmu yake, sai ya tura shi wani birni mai suna Argo can nesa a sararin samaniya, inda ƙarfin ke tsiyayewa kaɗan kaɗan. A can ya ji ciwo, har aka dasa masa ɗan dodon a ƙirji, bai kuɓuta ba sai da ya dawo kusa da rana. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ko a wannan hali yana ƙyamar kashe halittun. An rage masa ƙarfi, amma ba a taɓa zuciyarsa ba, kuma da ita ake gane shi. Wani lokaci kuwa ƙaramin abu ke ɗaure labarai biyu: a littafin da ya haɗa X-Men da ma'aikatan jirgin Star Trek a 1996, Scott Lobdell ya lura cewa kowane ɓangare yana da Dakta McCoy, sai ya sa aka kira sunan, su biyun suka amsa tare.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Tsohuwar da ke tatsuniya a tsakar gida a ƙauyukan Roni ko Gwiwa ta san dokar sarai. In tana son kai Gizo wurin ɓauren da ke tsakiyar ruwa, inda tsuntsaye kaɗai ke zuwa, ba ta cewa ya tashi sama haka kawai, domin yara za su ce ƙarya ne. Sai ta sa ya roƙi aron gashin fiffike. In ya isa can kuwa Gizo ne dai, da tsamin bakinsa da haɗamarsa, kuma haɗamar ce ke sa masu gashin su karɓe abinsu su bar shi a kan bishiya. Ta sama masa hanyar shiga, ta bar masa halinsa, ta kuma bar masu wurin da ikonsu. Abin da Gibbons ya yi ke nan da takarda mai launi.

A rubuce ma an yi. Ahmadu Ingawa ya ɗauko Ilya, jarumin tatsuniyoyin Rasha wanda ya girma ba ya iya tafiya kafin ƙarfi ya zo masa, ya zaunar da shi cikin Hausa a littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi, har masu karatu da yawa suka ɗauka namu ne tun asali. A fim kuma, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya shekara da shekaru yana shiga rigunan wasu, yau Ibro Awilo gobe Ibro Ɗan Indiya, kuma ba a taɓa kasa gane shi ba. Ta fuskar labarin kimiyya kuma muna da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda yaro Kilba ya bi Kolin Koliyo zuwa sararin samaniya.

Wato muna da jarumai, muna da duniyar da za a kai su. Kazaure kuma tana da matasa masu zane da kwamfuta, ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, ga na makarantar Informatics. Duk wanda ya yi niyyar saka Gizo a jirgin sama jannati, Gizo na kowa ne, ba sai ya nemi izini ba. Iliyan Ingawa da Kilban Dembo kuwa suna da masu haƙƙi, sai an tuntuɓe su, kamar yadda DC da Dark Horse suka zauna suka daidaita. Bayan nan, kafin ya ja layi ɗaya, sai ya amsa tambayoyin da Gibbons ya amsa: me zai sa masu jirgin su ɗauki Gizo, wace doka ce tasu da wayonsa ba zai iya karyawa ba, kuma a ina haɗamarsa za ta jefa shi cikin rigimar da sai da wayon nan nasa zai fita.