Shari'ar Da Ta Yi Tsara Da 'Yata

'Yan uwana mata, musamman ku da muke zaune a Dutse da kewayenta. Yau ba zancen girki ko kishiya na zo da shi ba. Na san wata za ta ce ina ruwan matar aure da maganar gwamnoni? To ki ɗan saurare ni tukuna.

A shekarar 2007 na haifi 'yar farina, wadda kunya ba za ta bar ni in faɗi sunanta ba. Ina cikin wankan jego, a watan Yuli, na ji a rediyo cewa hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnanmu Ibrahim Saminu Turaki a kotu a Abuja, ana tuhumarsa da karkatar da kuɗi har naira biliyan 36. Shi ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Ya musanta, aka ba da belinsa, ya koma kujerarsa ta sanata. Mu kuwa a gidan suna da gidan biki abin da muka riƙe kawai shi ne wai ya zubar da hawaye a kotu. Muka yi ta yayata hawayen, biliyoyin kuwa ko a jikinmu.

Alhali ni da ke wannan rubutu, ranar da naƙuda ta kama ni, sai da maigidana ya fita cikin dare neman safar hannu da allura da audugar da aka ce babu su a asibitin. Wallahi a lokacin ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Yarinya ta yi rarrafe, aka yaye ta, ta shiga firamare, shari'a tana nan. Aka dawo da ita babbar kotun tarayya da ke nan Dutse. A 2017 aka sake kama shi a wajen taron ƙaddamar da wani littafi a Abuja. Sai a 2022, 'yata tana budurwa har an fara sallama da ita, kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita ba su bi ta da gaske ba. Shekara 15 ke nan!

A nan ne haushina yake, kuma ina so a fahimce ni. Ban ce ya ci ba, domin babu alƙalin da ya ce ya ci, kuma ƙazafi ba abin wasa ba ne. Amma korar ƙara daban, a zauna a bi takardu ɗaya bayan ɗaya a gaya wa talakawa inda kuɗinsu ya shiga daban. Idan mutumin nan bai ɗauki ko kwabo ba, an zalunce shi, an bar shi da tabo shekara da shekaru. Idan kuwa kuɗin sun salwanta, mu aka zalunta. Ko ta wace fuska, hukumar da ta yi ta buga ganga ranar kamu, sannan ta yi sanyin jiki ranar kawo hujja, ba ta kyauta mana ba.

Haka na Sule Lamido, wanda ya gaje shi. A 2015 aka gurfanar da shi da 'ya'yansa biyu kan zargin naira biliyan 1.35, su ma suka musanta. Har aka kai 2023 ana ta ja a kan wane gari ya kamata a yi shari'ar.

Sai dai laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, mu ma da namu. Da ka ta da zancen, sai wata ta murguɗa baki ta ce, "Ke dai bari, ai Lamido ya yi aiki, dubi filin jirgin sama, dubi titunan Dutse." Gaskiya ne ya yi, ni ma idona ya gani. Amma don Allah, in kin ba 'yar aikinki kuɗin cefane ta dawo da nama mai kyau, shi ke nan ba za ki tambayi canji ba? Ke da ke ƙirga dunƙulen magi kafin ki rufe kicin, ke da ba ki yafe wa uwar adashi naira ɗari, me ya sa in an zo kan dukiyar jiha sai ki ce a bar wa Allah? Wata kuma ba ta ganin zargi sai in ɗan wata jam'iyya ya shafa. In nasu ne, sharrin maƙiya ne.

Ranar zaɓe kuwa layinmu ya fi na maza tsawo, da goyo da tsohon ciki muke shan rana. An san haka, shi ya sa ake aiko mana da turmin atamfa da sabulu da taliya ana saura kwana kaɗan. Ni ma na karɓa, ba zan yi ƙarya ba, har na ɗinka. Da 'yata ta tambaye ni wa ya saya mini, sai na ji bakina ya yi nauyi.