Kunkurun da Ke Ƙarƙashin Teburina

Wallahi duk mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa da bai taɓa ɗaura Tortoise ba, da sauransa! Ɗan akwati ne kore, kamfanin Circuitron na jihar Illinois a Amurka ke ƙera shi, sunan kuma ma'anarsa kunkuru. Aikinsa shi ne karkatar da harsunan layi a mararraba: kana zaune can gefe ka taɓa makunni, jirgi ya saki wannan layi ya kama wancan.

Da can irin mai maganaɗisu nake da shi. Kana dannawa sai ka ji ƙas, harsunan sun yi tsalle kamar an mare su. Wutar ƙiftawar ido kawai yake iya ɗauka. Rannan ɗan ƙanena ya danne maɓallin bai saki ba, sai ƙaurin roba ya cika ɗaki, naɗin wayar ya ƙone ƙurmus.

Shi kuwa Kunkuru, ina! Ɗan injin lantarki ne a cikinsa da giyoyi, yana tura siririyar wayar ƙarfe wadda ta ratso katakon tebur ta shiga sandar da ke riƙe harsunan. Kusan daƙiƙa 3 yake yi kafin ya kai, a natse, har sai ka ji kamar a tashar gaske kake. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne bayan ya kai ɗin. Wuta ba ta ɗauke masa, yana nan yana danne harshen a jikin layi, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Kuma ba ya zafi, domin a volt 12 abin da yake ja kusan miliyamf 16 ne kacal. Saboda ƙanƙantar wutar ma, na jona masa fitilar LED mai launi biyu a kan wayarsa: ja ko kore, kallo ɗaya na san inda layi ya nufa.

Ga makunnai biyu a cikinsa kyauta. Da ɗaya nake kai wuta daidai inda layukan suka gicciye, wurin da gajeren injina ya saba cijewa. Yanzu sulalewa yake yi.

Gaskiya yana son wuri a ƙarƙashin tebur, sai ka huda katako ka kwanta rigingine ka saita shi. Idan layinka na kamfanin Peco ne, cire ɗan sifirin da ke tsakiya tukuna don tafiyar ta yi laushi.

Guda 8 ne a layina mai sikelin HO, wato 1:87. Daren jiya na ja taragu 14 da baya, na bi da su ta mararraba uku a jere, ko ƙafa ɗaya ba ta sauka ba. Sai da na maimaita sau biyar don daɗi!