Turancin Ƙasan Allo: Wane Irin Malami Ne?

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Ɗan ƙaramar sakandare a unguwar Hubbare, Sakkwato, ya fi zama gaban fim a kan gaban ƙamus. Ke nan fassarar Turancin da ke ƙasan allo ita ce malamarsa ta dare. To, me take koya masa? Kalmomi a karye, karin magana an juya shi baibai. Yaro ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya sha jan biro. Tun 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, don haka ba kayan aiki muka rasa ba, kula ce babu. Furodusoshi, don Allah ku riƙa ba malaman Turanci su tace kafin fim ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.