Finjalan da ba a sha ba: nazari a kan aikin Aida Šehović

Abin tunawa da matattu, bisa ga al'ada, gini ne na dutse da ake kafawa wuri guda domin masu juyayi su riƙa zuwa gare shi. To, yaya za a yi idan masu juyayin ne kansu aka tarwatsa a duniya? Wannan ita ce matsalar da Aida Šehović ta tunkara. An haife ta a Banja Luka ta ƙasar Bosniya, yaƙin 1992 zuwa 1995 ya kore ta tare da iyayenta zuwa Turkiyya da Jamus, daga baya suka zauna a Amurka.

Aikin nata mai suna Što te nema, watau "me ya sa ba ka nan", ya shafi kisan Srebrenica na Yulin 1995, inda sojojin Sabiyawan Bosniya suka hallaka Musulmi maza da yara fiye da 8,000. Ta fara shi a Sarayebo cikin 2006 da finjalai 923 waɗanda matan Srebrenica suka bayar. (Kalmarsu ta fildžan da finjali na Hausa tushensu ɗaya ne.) Har zuwa 2020, kowace ranar 11 ga Yuli akan jera finjalan a dandalin wani birni dabam, kamar Stockholm da Istanbul da Toronto, masu wucewa su zuba gahawa a ciki, amma ba mai sha.

Ƙarfin aikin yana cikin wannan rashin sha. A gidan Bosniya gahawa abin zama ne da hira, ba a cika shanta a kaɗaice ba. Saboda haka finjalin da aka cika aka bari ya huce yana nuna gurbin mutum fiye da yadda hoto zai nuna fuskarsa. Har ila yau, finjalan ba iri ɗaya ba ne, domin daga gidajen 'yan gudun hijira suka fito, kowanne da tarihin ɗakin da ya baro. Aikin da kansa ɗan gudun hijira ne, ba shi da mazauni.

Sai dai akwai rauni. Baƙon da bai san tarihin ba yana iya ganin kyawun jerin kawai, tun da finjali ba ya faɗin wanda ya yi kisan. A 2020, bayan finjalan sun haura 8,372, adadin da ke rubuce a dutsen maƙabartar Potočari, aka kai su can, yawon shekara-shekara ya ƙare. A gefen kaburbura wannan rauni ya gushe, amma waɗanda ke zaune a Toronto sun rasa ranar da juyayin yake zuwa ya same su.